Fazi Lojik ko Ragar Jijiyoyi: Wanne Ya Dace da Sarrafa Gudun Moton Lantarki?

Tambaya: Ni ɗalibin injiniyancin lantarki ne a shekarar ƙarshe a nan Jos. Aikin da zan kammala karatu da shi ya shafi sarrafa gudun moto mai layin wuta uku, irin wanda ke juya injin niƙa ko famfon ruwa. Takardun binciken da na karanta kusan duka suna nuna cewa fazi lojik da niyural netwok sun fi kwantirolar PID aiki. Wanne zan ɗauka in maye gurbin PID da shi?

Amsa: Ƙanena, shawarata ita ce kada ka tumɓuke kwantirolar PID daga mazauninta tukuna. Ita ce sananniyar hanyar gyara umarnin da ake ba na'ura bisa kashi uku: girman kuskuren da ke tsakanin abin da ake so da abin da aka auna (P), tarin kuskuren (I), da saurin sauyawarsa (D). Ka fara gina ta, ka saita ta har ta yi aiki yadda ya kamata a kan moto na gaske, sannan ka auna ka ga inda ta gaza, domin wannan gazawar ce za ta nuna maka ko fazi lojik kake bukata, ko ragar jijiyoyi, wato niyural netwok, ko kuwa babu wanda kake bukata a cikinsu. Dabarun nan biyu ba aiki ɗaya suke yi ba. Fazi lojik hanya ce ta zuba wa na'ura sanin da ɗan Adam ya riga ya mallaka, ita kuwa ragar jijiyoyi hanya ce ta tsamo alaƙar da ke ɓoye a cikin ma'aunan da aka tara, alaƙar da ta yi wuyar rubutawa da hannu.

Sai ka fara fahimtar halin abin da kake son sarrafawa. Wutar ƙasarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, saboda haka maganaɗisun da ke zagayawa a cikin moto mai fol huɗu, wato kawunan maganaɗisu huɗu, yana yin juyi 1,500 a minti, ita kuwa rota, wato sashen da ke juyawa a cikin moton, tana biye da shi a baya kaɗan, shi ya sa za ka ga an buga wani abu kamar 1,450 a farantin da ke jikin moton. Wannan ɗan gibin shi ke haifar da ƙarfin murɗawa, kuma yana ƙaruwa duk lokacin da lodi ya ƙaru. Matsalar ita ce kwararar wuta ɗaya ce ke samar da maganaɗisun, ita ce kuma ke samar da ƙarfin murɗawar, don haka idan ka taɓa ɗaya sai ɗayan ya motsa. Injiniyoyin Jamus, Hasse a ƙarshen shekarun 1960 da Blaschke na kamfanin Siemens a farkon shekarun 1970, su suka warware wannan ƙulli da lissafin da ke raba kwararar wutar gida biyu, kashi ɗaya na maganaɗisu, kashi ɗaya na murɗawa, wanda ake kira sarrafawar bekta. Bayan an yi wannan rabon, abin da ya rage ba ya fin ƙarfin kwantirolar PI, wato PID mai kashi biyu na farko kawai, kuma ita ce za ka samu a cikin mafi yawan inbatoci masu sarrafawar bekta, wato na'urorin da ke ba moto wuta suna sauya gudunsa: biyu suna kula da kwararar wuta, ɗaya tana kula da gudu. Ko kashin nan na uku da ke cika PID ba a cika amfani da shi ba a nan, saboda yana kambama hayaniyar da ke cikin ma'auni.

Fazi lojik ya samo asali ne daga takardar da Lotfi Zadeh na Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili ya buga a 1965, inda ya kawo ra'ayin cewa abu zai iya shiga wani rukuni da daraja, daga sifili zuwa ɗaya, ba lallai sai dai a ce yana ciki ko yana waje ba. Ebrahim Mamdani da ɗalibinsa Assilian ne suka fara gwada ra'ayin a kan na'ura a Landan a tsakiyar shekarun 1970, suka tafiyar da ƙaramin injin tururi da dokokin da aka rubuta cikin maganar yau da kullum, sannan a 1987 jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin Sendai a Japan ya fara aiki da tsarin fazi na kamfanin Hitachi. Ka lura cewa a duk wuraren nan akwai ƙwararren ma'aikaci wanda ya iya aikin da hannunsa amma ba shi da lissafinsa a rubuce. Je ka tsaya kusa da mai niƙa a Katako ko Farin Gada ka kalli hannunsa. Ba ya duba mita. Da zarar ƙarar injin ta yi nauyi sai ya rage zubin masara, idan ta yi nauyi kwatsam sai ya tsayar da zubin baki ɗaya na ɗan lokaci, idan kuma hatsin yana da danshi sai ya riƙa zubawa a hankali tun daga farko. Waɗannan su ne dokokin fazi, kuma aikinka na injiniya shi ne ka mayar da «ta yi nauyi» da «kwatsam» su zama lambobi.

Bari mu yi lissafin tare, domin akwai abin da nake so ka gani da idonka. A ce kana son moton ya yi juyi 1,400 a minti, amma ka auna ka samu 1,340, wato kuskuren 60 ne. A ce ka tsara rukunanka da alwatika masu tazara daidai, ƙololuwar «sifili» tana kan 0, ta «ƙarami» tana kan 50, ta «matsakaici» tana kan 100, ta «babba» tana kan 150. Kuskuren 60 zai zama ƙarami da darajar 0.8, ya kuma zama matsakaici da darajar 0.2. A ce kuskuren ya tsaya cak, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, kuma dokokinka sun ce idan kuskure ƙarami ne a ƙara umarnin murɗawa da 2, idan matsakaici ne a ƙara da 4. Idan ka haɗa su bisa nauyinsu za ka samu 0.8 sau 2, a tara da 0.2 sau 4, wato 2.4. Yanzu ka raba 2.4 da 60, ka raba 2 da 50, ka raba 4 da 100. Amsar ɗaya ce a duka ukun, 0.04. Ma'anar wannan ita ce kwantirolar da ka sha wahalar ginawa layi ne miƙaƙƙe, kuma idan ka yi wa saurin sauyawar kuskure irin wannan tsari mai tazara daidai, abin da ka samu bai wuce kwantirolar PI da aka rubuta ta doguwar hanya ba. Ɗalibai da yawa suna ɗaukar rukunai bakwai na kuskure da bakwai na sauyawarsa, su cika teburin dokoki 49 a jere kamar yadda suka gani a takardu, su kuma yi mamakin abin da ya sa sakamakon bai bambanta sosai ba. Amfanin fazi yana fitowa ne a lokacin da ka lanƙwasa wannan layin da gangan, misali ka matse rukunan kusa da sifili, ko ka sa martani ya yi laushi a inda hayaniyar ma'auni ta fi yawa ya yi kaifi a inda lodi ya faɗo wa moton, kuma dole ka iya faɗin dalilin kowace lanƙwasa.

Saboda haka wurin da na fi ganin fazi ya dace shi ne sama da PI, yana yi mata jagora. Zai iya sauya lambobin saitinta biyu gwargwadon gudu da lodi. Zai iya kula da ƙofar zubin hatsi ta hanyar duban kwararar wutar moton da saurin hawanta, wanda a ganina shi ne aikin da ya fi dacewa da injin niƙa, tunda matsalar mai niƙa ba riƙe gudu daidai wa daida ba ce, matsalarsa ita ce kada injin ya shaƙe kwayil ta ƙone. Akwai kuma batun tanadin wuta. Moton da ke ɗauke da lodi kaɗan ba ya bukatar cikakken maganaɗisu, kuma Bimal Bose na Jami'ar Tenesi da abokan aikinsa sun nuna a shekarun 1990 yadda dokokin fazi za su riƙa rage maganaɗisun mataki-mataki suna duban wutar da inbata ke ja, har a kai inda ta fi ƙanƙanta, a kuma mayar da shi nan take idan lodi ya dawo. Masu noman rani da ke jan ruwa daga kududdufan da haƙar kuza ta bari a kewayen Bukuru suna da irin wannan bukata idan famfonsu na sola ne, domin gajimare ko hazon hunturu na sauya wutar da faranti ke bayarwa, dole gudun famfon ya riƙa bin ta. A famfo irin na majaujawa, wutar da ake ci tana bin gudu sau gudu sau gudu, wato idan ka sauko da gudu zuwa kashi 80 cikin ɗari wutar za ta sauko kusan rabi, sai dai a rijiyar burtsatse mai zurfi wannan ƙa'ida ba ta cika ba, saboda akwai gudun da idan ka sauka ƙasa da shi ruwan ba zai hau ba sam.

Ragar jijiyoyi kuwa tsohon ra'ayi ne, tun daga takardar McCulloch da Pitts ta 1943, amma ta samu karɓuwa a aikin injiniya ne bayan Rumelhart da Hinton da Williams sun yaɗa hanyar horar da ita ta mayar da kuskure baya a 1986, sannan Narendra da Parthasarathy suka tsara yadda za a yi amfani da ita wajen gano halin na'ura da sarrafa ta a 1990. Kada sunan ya ruɗe ka. Tarin ninkawa da tarawa ne da ake bi da su ta wani lanƙwasasshen lissafi, sai a yi ta gyara lambobin ninkawar har abin da ragar ke fitarwa ya yi daidai da misalan da aka ba ta. A harkar moto, aikin da ta fi yi da kyau shi ne ƙiyasta abin da ba ka iya aunawa.

Babban misali shi ne turjiyar rota. Sarrafawar bekta irin wadda aka fi yi tana lissafa gibin gudu ne da wannan turjiya, amma sandunan rota suna can ciki suna juyawa, ba ka da hanyar sa musu mita. Turjiyar alminiyam da ta jan ƙarfe tana hawa da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri ɗaya na zafi, don haka rotar da ta tashi da sanyin safiyar Jos a digiri 20, ta yi aiki har ta kai digiri 120, turjiyarta ta ƙaru da kusan kashi 40 cikin ɗari. Idan kwantirola tana nan tana aiki da tsohuwar lambar, rabon nan na gida biyu ya karkace, maganaɗisu ya kauce daga inda ake so, moton ya riƙa jan wuta fiye da kima don ya ba da ƙarfin murɗawa ɗaya, zafi kuma ya ƙaru. Ƙaramar raga da ke karɓar bolt da amfiya da saurin kaɗawar wuta za ta iya bin sawun wannan turjiya tana gyara lambar. A wurinmu akwai ƙarin dalili da ba za ka cika gani a takardun waje ba: moto da yawa da ke aiki a garin nan sun taɓa ƙonewa an sake naɗa musu kwayil, wani lokaci da waya mai kauri daban ko adadin naɗi daban, don haka abin da ke rubuce a farantinsu ya daina zama gaskiyar abin da ke ciki. Ina ganin wannan fili ne na bincike mai amfani ƙwarai, wanda ɗalibi a Jos ya fi ɗalibi a Turai damar yin sa.

Amma raga ba ta san komai ba sai abin da aka nuna mata, kuma idan ta fita daga da'irar misalan horonta za ta ba da amsa ba tare da wata alama cewa ta ɓata ba. Inbata tana mayar da bolt 400 na layi zuwa wuta mai tsayawa ta kusan bolt 565 a kan kafasitocinta. Idan wutar layi ta faɗi zuwa bolt 340 da yamma, ko aka koma kan janareta da ke tangal-tangal duk lokacin da wani babban lodi ya tashi, wannan 565 ɗin zai sauko wajen 480, kuma ragar da aka horar a gwajin kwamfuta mai wuta lafiyayya ba ta taɓa ganin haka ba. Dole ka auna wannan bolt ɗin ka sa shi cikin abin da ragar ke karɓa, ka kuma tara misalan horo da moto mai sanyi da mai zafi, da lodi da babu lodi, da wuta mai kyau da mai rauni. Haka kuma idan burinka shi ne ka ƙiyasta gudu don ka huta da sayen enkoda, wato na'urar auna gudun juyi, ka sani cewa a gudu mai ƙanƙanta sosai, inda kaɗawar wutar ta kusa tsayawa, labarin gudun rota kusan ba ya bayyana a wayoyin moton, kuma babu girman ragar da zai fito da labarin da babu shi a cikin ma'auni. Famfo da injin niƙa ba sa aiki a wannan yanki, don haka kai ba zai dame ka ba, amma ka rubuta iyakar a cikin rahotonka.

Ka kuma yi lissafin lokaci tun kafin ka sayi kaya. Zagayen da ke kula da kwararar wuta yakan maimaitu sau 10,000 ko fiye a daƙiƙa, wato kana da kashi ɗaya cikin dubu goma na daƙiƙa ka auna, ka lissafa, ka ba da umarni. Raga mai mashiga 6 da ƙwayoyin tsakiya 10 da mafita ɗaya tana bukatar ninkawa 70 da lanƙwasa 10, wanda ba komai ba ne ga ƙananan kwamfutocin sarrafa na'ura irin su STM32F4 ko dangin C2000 na Texas Instruments. Arduino Uno kuwa, wanda ɗalibanmu suka fi sabawa da shi, karanta ma'auni ɗaya kawai yana cinye masa kusan duk wannan lokacin, kuma ba shi da sashen lissafin lambobi masu ɗigo. Idan shi kaɗai ke hannunka, to ka bar wa inbatar kasuwa aikin ciki, kai kuma ka tsaya a zagayen waje mai tafiya a hankali, ka riƙa aika mata umarnin gudu ta mashigar bolt 0 zuwa 10 ko ta hanyar sadarwa ta Modbus. Dokokin fazi ma za ka iya lissafa su tun a kwamfuta da MATLAB ko Python, ka mayar da su teburin lambobi da na'urar za ta riƙa dubawa kawai.

Wani aikin da raga ta dace da shi shi ne gano cuta kafin moto ya mutu. Idan sandar rota ta karye, kwararar wutar moton tana fito da wasu ƙananan kaɗawa biyu a gefen 50, kowace da nisan ninki biyu na gibin gudu idan an lissafa shi da kaɗawar wuta a daƙiƙa, wato a moton da ke yin 1,450 za ka neme su wajen 46.7 da 53.3. Lalacewar boris da rashin daidaiton layukan wuta uku su ma kowanne yana da tasa alamar. Wahalar irin wannan bincike a ko'ina ita ce samun moto masu cuta da za a ɗauki misali a kansu, mu kuwa shagunan masu naɗin kwayil cike suke da su. Akwai kuma tsarin ANFIS da Jang ya fito da shi a 1993, wanda ke horar da dokokin fazi irin na Takagi da Sugeno da hanyar ragar jijiyoyi, kuma yana da kyau idan mashigarka biyu ce ko uku, amma dokokinsa suna ninkuwa da sauri idan suka fi haka.

Game da takardun da ka karanta, ka sake duba su da tambaya ɗaya a ranka: yaya aka saita kwantirolar da aka kayar? A da yawa daga cikinsu za ka tarar an ɗauko ƙa'idar Ziegler da Nichols ta 1942, wadda aka san tana sa gudu ya zarce inda ake so kafin ya dawo, aka saita PI sau ɗaya aka bar ta, sannan aka ɓata makonni ana goge fazi. Sau da yawa kuma ba a sa mata kariyar da ke hana sashen tarawa ci gaba da cika ba a lokacin da inbata ta kai ƙarshen abin da za ta iya bayarwa, alhali wannan kaɗai yana haifar da mafi yawan zarcewar da ake nunawa a zanen. Yawancinsu ma a kwamfuta aka tsaya, inda babu hayaniyar sensa, babu jinkirin lissafi, babu bel mai santsi. Idan kana son aikinka ya tsayu a gaban malamanka, ka ba wa kowace kwantirola lokacin saiti daidai, ka sa musu iyakar amfiya ɗaya, ka gwada su da faɗowar lodi kwatsam, da moto mai zafi, da faɗuwar wuta, ka rubuta nisan da gudu ya faɗi da lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo da kuma wutar da aka ci. Idan PI ta yi kunnen doki da fazi a gwajinka, ka rubuta haka, domin sakamako ne na gaskiya kuma masu masana'anta suna bukatar sanin sa.

Akwai dalilin da ya sa masana'antu ke riƙe da PI wanda ya wuce sabo. Ana iya lissafa tazarar da ke tsakaninta da tangaɗi a nuna ta a takarda, kuma duk ma'aikacin da ya zo daga baya zai iya gyara lambobi biyu. Tabbatar da cewa kwantirolar fazi ko ta raga ba za ta taɓa rikicewa ba yana bukatar hujjar lissafi irin ta Lyapunov, wadda ba kasafai take zuwa da sauƙi ba. Don haka duk abin da ka gina, ka ɗaure mafitarsa da iyaka ta sama da ta ƙasa, ka tanadi hanyar komawa kan PI tsantsa idan ƙiyasin ragar ya fita daga hankali, kada kuma ka bari kariyar obalod, wato lodin da ya wuce kima, da ta ɗaukewar layi ɗaya su dogara da manhajarka. Ka tuna ma cewa ƙarfin da aka rubuta a jikin moto da inbata an ƙayyade shi ne ga wurin da bai wuce mita 1,000 sama da teku ba da zafin da bai wuce digiri 40 ba, Jos kuwa tana kan kusan mita 1,200, inda iska ta fi sirantaka ba ta kwashe zafi sosai. Sanyin garin yana rama wa moto wani abu, amma masu ƙera inbata sukan ce a rage kusan kashi 1 cikin ɗari na lodi a kowace mita 100 da ta haura dubu, don haka ka duba littafin taka.

Ga aikin shekara ɗaya da kuɗin ɗalibi, ni zan zaɓa maka fazi a matsayin mai kula da zubin hatsi ko mai sauya lambobin saitin PI, a kan ƙaramin moto na kilowat ɗaya ko ƙasa da haka, ka ajiye ragar jijiyoyi zuwa digiri na biyu, lokacin da za ka samu damar tara ma'aunai masu yawa. Kuma duk ranar da za ka buɗe inbata, ka kashe wuta, ka jira mintunan da aka rubuta a murfinta, sannan ka sa mita a kan kafasitocin ka tabbatar bolt ɗin ya sauka kafin hannunka ya shiga, domin suna riƙe wutar da za ta iya kashe mutum bayan an cire soket.